Kwandon Hukuma da Buhunan Dawanau

Laraba, bayan sallar isha'i.

Lakcar ƙarfe takwas ta yau ta kwas ɗin tattalin arzikin ƙasa ce, wanda muke ɗauka a aji biyu, kuma malaminmu ya ƙarar da lokacin duka a kan batu ɗaya, wato yadda ake auna hauhawar farashi. A shekarar farko da na yi a Sashen Nazarin Tattalin Arziki na Jami'ar Bayero, yawancin abin da muka sha shi ne lissafi da zane-zanen buƙata da samar da kaya, har wasu abokan karatuna suka fara tambayar ko a nan za mu ƙare. Darasin yau shi ne irin wanda na zo nema tun ranar da na cike wannan fanni a takardar neman gurbi, domin ya taɓa abin da ake magana a kansa a gidanmu kullum idan an zo bayar da kuɗin cefane.

Malam ya fara da bayanin cewa Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ba ta bin farashin kowane abu da ake sayarwa a Najeriya, domin hakan ba zai yiwu ba. Abin da take yi shi ne ta haɗa kwando guda na kayayyaki da hidimomin da gidaje suka fi kashe wa kuɗi, kamar shinkafa da masara da man girki da kuɗin haya da kuɗin mota da magani, sannan ta ba kowanne nauyi gwargwadon kason da yake ci a cikin kuɗin da iyali ke kashewa. Kowane wata ma'aikatanta suna shiga kasuwannin birni da na karkara su ɗauko farashi, a kwatanta kuɗin cika kwandon a yau da kuɗin cika shi a shekarar da aka ɗauka a matsayin tushe. Tsarin da ake bi ya samo asali ne daga wani masani Bajamushe mai suna Laspeyres, wanda ya fito da shi a 1871. Malam ya rubuta ƙa'idar a allo, muka kwafa, sannan ya ce mu ajiye biro mu saurara, domin abin da zai faɗa ba ya cikin ƙa'idar.

Ya tuna mana cewa hukumar ta ce hauhawar farashi ta watan Disamba na 2024 ta kai kashi 34.80 cikin ɗari, sai ga shi ta sanar da kashi 24.48 a matsayin ta watan Janairu na 2025. Babu wani abin mamaki da ya faru a kasuwa tsakanin waɗannan watanni biyu. Ma'aunin ne aka sabunta: an mayar da shekarar tushe daga 2009 zuwa 2024, an ƙara yawan kayan da ke cikin kwandon daga 740 zuwa 934, kuma nauyin abinci, wanda a da ya ɗara rabin kwandon, ya sauko zuwa kusan kashi 40. Malam ya ce sabuntawar tana da hujja, tun da yadda mutane ke kashe kuɗi a 2009 ya bambanta da na yanzu, kuma ya isa mutum ya tuna abin da ake kashewa a kan data da katin waya a yau. Amma ya ja kunnenmu cewa duk wanda ya jera adadin Disamba da na Janairu ya ce farashi ya sauka, to bai fahimci darasin ba.

A nan wata ɗaliba da ke zaune a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to ko da ba a sauya ma'auni ba, idan adadin ya sauka daga 35 zuwa 24, ai sauƙi ya samu ke nan?" Malam ya ce ta ɗauka kwanon gero yana naira 1,000, sai farashi ya hau da kashi 35 ya koma 1,350, shekara ta zagayo ya sake hawa da kashi 24 ya koma 1,674. Adadin da ake sanarwa a rediyo ya ragu, amma mai saye yana biyan fiye da abin da ya biya bara. Wannan misali ya warware mini wani abu da na daɗe ina gani, wato yadda jami'i zai fito ya ce an samu ci gaba, talaka kuma ya ce ƙarya ake yi masa, alhali kowannensu yana faɗin abin da ya gani ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar nauyi. Malam ya kawo dokar Engel, wani masanin ƙididdiga na Jamus da ya lura tun 1857 cewa duk yadda samun iyali ya ragu, kason da abinci ke ci a cikinsa ƙaruwa yake yi. Ya ce mu ɗauka farashin abinci ya hau da kashi 40, sauran kaya kuma da kashi 10. Gidan da ke kashe naira 70 cikin kowace 100 a kan abinci zai ji tsadar kashi 31. Gidan da abinci ke cin naira 30 kawai daga cikin 100 zai ji kashi 19. Kwandon hukuma kuwa, mai nauyin abinci 40, zai ba da kashi 22. Ga gidaje biyu a gari ɗaya, wataƙila ma a layi ɗaya, amma adadin da ƙasa ke dogara da shi bai yi daidai da ko ɗaya daga cikinsu ba. Na daɗe ina kallon lambobin nan uku a littafina, domin na san gidajen da ke kashe 70 ɗin, ina shiga cikinsu, kuma wasu daga ciki na 'yan uwana ne.

Sauran lokacin ya tafi a kan musabbabi, kuma a nan ajin ya rabu biyu. Wasu suka tsaya a kan ra'ayin Milton Friedman, masanin tattalin arziki Ba'amurke, cewa yawan kuɗi a hannun jama'a ne tushen hauhawar farashi, suka kafa hujja da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin tarayya ta ci daga Babban Bankin Najeriya, wanda majalisa ta amince a mayar da shi bashi na dogon zango a 2023. Wasu kuma suka ce tsadar samar da kaya ce, suka kawo cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, da kuma sakin naira a watan Yuni na shekarar, wanda ya kai dala daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. Malam bai yanke hukunci ba. Ya dai ba mu jinga: mu rubuta shafi biyar a kan ko ƙarin kuɗin ruwa da Babban Banki ya yi ta yi, daga kashi 18.75 a tsakiyar 2023 zuwa 27.5 a watan Nuwamba na 2024, zai iya sauko da farashin abinci.

Lakcar lissafi ta biyo baya, sannan aka yi azahar, na ci abinci a gurguje na fita, domin na yanke shawarar cewa ba zan rubuta jingar nan daga ɗakin karatu kaɗai ba. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana sana'ar hatsi a kasuwar Dawanau da ke kan hanyar Katsina, kasuwar da ake lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi na Afirka ta Yamma, inda 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa lodi. Na same shi a ƙofar sitonsa, 'yan dako suna sauke buhunan masara daga wata babbar mota, wani yaro kuma yana soka bututun ƙarfe a gefen kowane buhu yana zaro 'yan ƙwayoyi a tafin hannu don a duba ko ta bushe ko akwai ƙwari. Bayan mun gaisa ya tambayi Umma da karatu, sai na faɗa masa abin da ya kawo ni.

Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "To ɗana, ni dai ban taɓa cin bashin banki ba, manomin da nake saye a wurinsa ma bai taɓa ci ba. Jarinmu na 'yan uwa ne da na amana. Abin da ke motsa farashi a nan shi ne damina, da kuɗin mota, da hanya idan ta yi lafiya, da boda idan an buɗe ko an rufe." Ya tuna mini rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020, da kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin watan Yuli na 2023, ya ce duk lokacin da aka yi irin haka a ranar ake jin sa a Dawanau, ba sai an jira sanarwar kowa ba. Ya ƙara da maganar garuruwan Zamfara da Katsina da yake sayen hatsi a cikinsu a da, waɗanda yanzu manomansu ba sa iya zuwa gonakin da ke nesa da gari saboda 'yan bindiga.

Na ce, "Kawu, amma ai bana hatsi ya yi sauƙi, mutane suna ta hamdala." Ya gyara zama ya ce mai saye ne ke hamdala, kuma yana da gaskiya, domin an sha wuya. Amma ya nuna mini wani sashe na siton inda buhuna ke jibge har kusa da rufi, ya ce waɗannan tun kakar bara aka saye su da tsada, da tsammanin za su tashi da bazara kamar yadda aka saba, sai tasirin buɗe ƙofar shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba tare da haraji ba na kwana 150, wanda gwamnati ta sanar a watan Yuli na 2024, ya iso kasuwa, damina kuma ta yi kyau, farashi ya karye. Ya ce asarar ɗan kasuwa ba ita ce ta fi damunsa ba, tun da kasuwa ta gaji riba da faɗuwa. Wanda yake tausaya wa shi ne manomin da ya sayi taki da tsada, ya biya kuɗin huɗa da na maganin feshi, sannan ya kawo amfanin gona ya tarar abin da za a ba shi bai mayar masa da kuɗinsa ba. "Wanda aka yi wa haka," in ji Kawu, "baɗi ba zai shuka masara ba. Zai koma riɗi ko waken suya, ko ya noma abin da zai ci kawai. Shekara mai zuwa kuma a dawo ana kukan tsada."

Wannan magana ta Kawu tana cikin littafinmu na aji ɗaya, a babin da ke bayanin yadda manoma ke yanke shawarar shuka bisa farashin bara, har farashi ya riƙa hawa da sauka shekara bayan shekara. Mun zana shi a jarrabawa da layuka masu zagaye kamar saƙar gizo-gizo, na kuma ci makin tambayar, amma sai yau na ji shi daga bakin mutumin da bai taɓa ganin zanen ba, yana faɗinsa da sunayen amfanin gona da na garuruwa. Ban ɗauki hakan a matsayin gazawar karatun jami'a ba. Ƙa'idar ce ta sa na gane cewa abin da Kawu ke faɗa tsari ne mai maimaituwa, wanda za a iya aunawa a kuma yi masa tanadi, misali ta hanyar sayen rarar hatsi a rumbunan gwamnati lokacin kaka a fitar da shi da bazara. Abin da nake ganin ya kamata shi ne a riƙa tura ɗaliban wannan fanni kasuwa tun daga aji ɗaya, musamman a gari irin Kano, inda Dawanau da Kantin Kwari da Singa suke kusa da mu.

A hanyar dawowa cikin adaidaita-sahu na tsara matsayin da zan ɗauka a jingar. Ba zan ce ƙarin kuɗin ruwa ba shi da amfani ba, domin yana jawo masu zuba jari su riƙe naira, darajarta ta daidaita, kuma idan dala ta tsaya wuri ɗaya kuɗin taki da na kayan gyaran mota da na man dizal suna samun natsuwa, wannan kuwa yana isa Dawanau ko da Kawu bai taɓa shiga banki neman bashi ba. Amma hanya ce mai nisa da jinkiri, kuma ba ta mayar da manomi gonar da ya gudu ya bari, ba ta kuma gyara hanyar da babbar mota ke kwana a kanta. Zan kuma kawo rage kuɗin ruwan da aka yi zuwa kashi 27 a watan Satumba na 2025, in tambaya ko saukar farashin abinci da ta ba da damar yin hakan mai ɗorewa ce, idan har manoma suka rage shuka kamar yadda Kawu ke hasashe.

Kafin mu rabu na roƙe shi ya ara mini littafin da yake rubuta cinikinsa, ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar in kwafa a gabansa, domin littafin ba ya kwana a waje. A ciki akwai farashin masara da gero da dawa da wake na kowane mako, na shekaru da dama, da rubutun ajami. Da shi nake so in gina ƙaramin ma'auni na hatsi huɗu bisa ƙa'idar Laspeyres, in ba kowanne nauyi gwargwadon abin da Umma ke auna wa gidanmu a wata, sannan in kwatanta da adadin hauhawar farashin abinci da hukuma ta fitar na jihar Kano. Matsalar da zan fara warwarewa ita ce ta awo, domin Kawu da buhu yake rubutu, Umma da kwano take saye, hukuma kuma da kilo take lissafi, kuma buhun gero da na wake ba nauyinsu ɗaya ba. Gobe bayan lakcar ƙididdiga zan je ofishin Malam in tambaye shi ko zai amince in yi amfani da kwano a matsayin ma'auni na bai ɗaya, in kuma ya ce sai kilo, zan nemi aron sikeli a wurin masu riɗi ranar Asabar ɗin.