Iska ta yaye rufin bukkata ta gona

Bukkar da nake ajiye kayan aiki a gona ta sha kashi daren jiya. Iskar da ta rigayi ruwan ce ta fi ɓarna: ta shiga ta ƙofa, ta kumbura tamfol daga ƙasa, ta yage ramukan igiya ɗaya bayan ɗaya. Ɓangaren da ya tsira kuma ya lotsa, ruwa ya kwanta a ciki. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce, to ka ƙiyasta abin da sandar tsakiya ta ɗauka kafin ta karye. Da na duba gindinta, ashe gara ta riga ta cinye shi.

Ban sayi sabon tamfol ba tukuna. Inda ramuka suka yage, na naɗe ƙaramin dutse cikin tamfol ɗin na shaƙe wuyansa da igiya, kuma a ganina wannan ɗaurin ya fi zoben ƙarfe riƙo nesa ba kusa ba. Na ƙara wa rufin gangara, na juya ƙofa ta ba iska baya, na haƙa 'yar magudana a kewaye. Buhunan takin da suka jiƙe sun dunƙule, sauran na ɗora su kan katako.