Wayar da Brick ya katse

Wasan kwaikwayon marubucin Amurka Tennessee Williams da aka fara nunawa a New York a 1955, Cat on a Hot Tin Roof, da Faransanci na karanta shi, kamar yawancinmu a nan Damagaram da muka yi lakwal. Sunansa na nufin mage a kan kwanon rufi mai zafi, kuma wanda ya taɓa ɗora hannu a kwanon ɗakinsa cikin watan Afrilu ba ya bukatar bayani.

Gidan wani attajiri ne mai gonar auduga eka 28,000 a Mississippi. Ana bikin cikarsa shekara 65, ciwon daji na cinsa, kowa ya sani ban da shi da matarsa. Bai rubuta wasiyya ba. Babban ɗansa, lauya, ya iso da mata da ƴaƴa biyar da cikin na shida, ido a kan gado. Wannan ɓangaren ba baƙo ba ne a wurinmu, ba zan tsaya a kansa ba.

Ƙaramin ɗan, Brick, shi ne ya hana ni sakat. Tsohon ɗan ƙwallo ne, ƙafa a karye, yana dogara sanda tsakanin gado da kwalbar giya. Ya ƙaurace wa matarsa Maggie. Yana da amini, Skipper, wanda suka yi jami'a da ƙwallo tare, kullum ƙafarsu ƙafar juna, har Maggie ta fara zargin abin ya wuce aminci. Ta faɗa wa Skipper a fuskarsa. Shi kuma, don ya ƙaryata ta, ya nemi kwanciya da ita, ya kasa, daga nan ya yarda gaskiya ta faɗa. Ya faɗa shaye-shaye. Wata rana ya bugo wa Brick waya daga nesa, cikin maye, ya amayar da abin da ke ransa. Brick bai ce uffan ba, ya ajiye waya. Ba su sake magana ba har Skipper ya mutu.

Da na ba da labarin a fadarmu ta Zango ana jiran shayi na biyu, tambaya ɗaya aka yi ta yi mini: "To shi Brick ɗin ɗan luwaɗi ne ko a'a?" Williams bai amsa ba, da gangan, kuma na ga daidai ya yi. Hukuncin addini a kan aikin kowa a fadar ya san shi, ba shi marubucin ya zo tattaunawa ba. Ba a ma nuna an aikata komai ba. Abin da aka nuna shi ne mutumin da amininsa ya kira shi a ranar da ya fi bukatarsa, tsoron bakin mutane ya sa ya toshe kunne.

Wurin da ya fi daɗi shi ne zaman uba da ɗa a kashi na biyu. Ka ɗauka tsohon, mai ashar da tsawa, shi zai tayar da jijiyar wuya. Ina! Shi ya yi yawon duniya, kuma gonar ma a hannun wasu gwauraye biyu ya same ta, Jack Straw da Peter Ochello, waɗanda suka yi zamansu a ɗaki ɗaya, ɗakin da Brick da Maggie suke ciki yanzu. A hankali yake lallaɓa maganar. Ɗan ne ke zabura, gumi na keto masa, yana tambaya ko mutane ma haka suke faɗa. Har ya kawo labarin wani ɗalibi da suka fatattaka daga jami'a a kan irin wannan zargi, yana faɗa kamar abin alfahari. Uban ya gano shi tsaf: ƙyamar ƙaryar mutane da yake cewa ita ta sa shi sha, ƙyamar kansa ce, don shi ya haƙa wa abokinsa kabari. Brick ya rama nan take, ya gaya wa tsohon cewa mutuwa zai yi.

A nan garin za ka ga dattawa biyu sun fito masallaci riƙe da hannun juna har ƙofar gida, ba wanda ya waiga. Amma na lura samari yanzu sun fara sakin hannu, suna tsokanar duk wanda ya cika shaƙuwa da abokinsa. Zargi kaɗai ya isa ya raba aminan shekara ashirin, ko da babu komai, balle idan ɗaya na ɗauke da abin da bai san inda zai kai shi ba.

Su ma Turawan ba duka suka iya haɗiye wasan a lokacin ba. A 1955 babu jihar Amurka da ba ta da dokar hukunta luwaɗi. A Landan an hana wasan lasisi, a 1958 sai a gidan wasan da aka mayar kulob na masu katin shiga aka nuna shi. Fim ɗin da aka yi a shekarar, da Paul Newman da Elizabeth Taylor, an kankare maganar Skipper har ba ka gane me ke damun Brick, aka kuma rufe da sulhun miji da mata. Williams bai ji daɗinsa ba. Wanda fim ɗin kawai ya gani, ya nemi littafin.