Tsallaka titi a Garwa

Jama'a, tsallaka titi a Garwa yanzu sai da addu'a. Jiya da la'asar, a hanyar gadar Binuwai, na tarar da wata tsohuwa da tiren gyaɗa a ka, ta sa ƙafa ta janye, ta sa ta janye. 'Yan acaɓa na wucewa fuu, wani ma waya ce manne a kunnensa, ga fasinja biyu. Na ce, "Iya, kawo hannunki." Sai da wani direban tirela, cikin masu jigilar kaya daga Ngaundere zuwa Njamena, ya taka birki ya yafito mu, sannan muka haye. Allah ya saka masa. Na bayansa kuwa sai danna masa hon suke, har da zagi, wai ya ɓata musu lokaci!