Darussan da na koya kan gano yara masu baiwa a firamare

Duk wanda ya koyar a firamaren gwamnati a jihar Bauchi ya san ranar da takarda ke zuwa daga ofishin sakataren ilimi, a ce kowace makaranta ta aiko da sunayen haziƙan ɗalibanta, ko don gasar kacici-kacici ko don jarrabawar shiga makarantu na musamman. A makarantu da dama, ranar nan ake cutar yara masu baiwa. Hedimasta zai shige ofis, ya jawo takardar sakamakon zango, ya kwafi na ɗaya da na biyu da na uku, sannan ya ƙara ɗan wane da jikan wane, a yi tuwona maina. Malamin aji da ya shekara yana kallon yaran nan, sai dai ya ji labari a bakin ɗalibai. In ya yi magana a ce masa, "Malam, yi haƙuri, an riga an tura." Har gobe wannan na ci mini rai, domin yaron da aka tsallake a aji shida da wuya ya sake samun irin wannan dama.

Ko da an cire son kai, matsayi a aji ma'auni ne mai ruɗi. Yawancin jarrabawarmu hadda take gwadawa da iya kwafar abin da ke allo. Hadda baiwa ce babba, makarantun allo da Islamiyyu sun shaida, amma akwai wata baiwar da ba ta fitowa a wannan takarda. Ga yarinya 'yar aji huɗu mai tallar gyaɗa bayan an tashi. Ka rubuta 25 × 12, kafin ka ajiye alli ta ce 300. Ka tambaye ta yadda ta yi, ta ce, "Malam, ashirin da biyar huɗu ɗari ne, kuma huɗu uku ne cikin sha biyu." A jarrabawa ana iya ba ta sifiri saboda ba ta jera aikin yadda aka jera a allo ba. Ga kuma yaron da Fulatanci ko Jaranci ko Sayanci ake yi a gidansu, ya koyi Hausa a waje, yana shiga aji huɗu aka juya masa darasi zuwa Turanci. Shirunsa na rashin harshe ne, amma a kati sai a rubuta ba ya ƙoƙari. Wanda gona ta ɗauke shi da damina kuwa makin gwajin cikin zango ya rasa, shi ya jefa shi na ashirin.

Hanyar da ta fi aminci ba ta cin kuɗi. Malamin aji ya ware ƙaramin littafi, ya yi mako shida yana rubuta suna da kwanan wata da ainihin abin da yaro ya faɗa ko ya yi. Abubuwa uku zai sa wa ido: wa ke kama sabon darasi daga bayani ɗaya ko biyu, wa ke yin tambayar da ta wuce darasin, wa ke bin wata hanya dabam kuma ya kai ga amsa. Kada ya rubuta "yana da ƙoƙari", wannan ba hujja ba ce. Ya rubuta tambayar da yaron ya yi, kalma da kalma. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga ɗalibai 35 a firamare, alhali kowa ya san ajin da ake cusa ninkin haka. Saboda haka a raba ajin, kowane mako a bi layi ɗaya ko biyu, a fara da na baya da 'yan mata, domin su ido ya fi tsallakewa.

Waɗanda sunansu ya yawaita a littafin, a ba su tambayoyi goma daga ajin da ke gaba da nasu, biyar lissafi, biyar fahimtar labari. A karanta musu da baki, da Hausa, a bar su su bayyana yadda suka yi tunani. Wani malami dabam ya yi gwajin, ba na ajinsu ba. Wannan sakamako da littafin su za a ajiye gaban hedimasta, kuma jerin sunaye kada ya fita sai da sa hannun malamin aji da sanin kwamitin kula da makaranta. Mai son cusa ɗan wane yana jin nauyi idan akwai rubutacciyar shaida a kan tebur.

Bayan an gano yaro, abin da aka fi gaggawar yi shi ne tsallaken aji, iyaye ma suna so don abin alfahari ne. Wani lokaci ɓarna yake yi. Yaro ya yi zarra a lissafi, amma rubutunsa da Turancinsa na ajinsa ne. Ka ɗaga shi daga aji uku zuwa biyar, ya rasa tushen lissafin rarrabawa da na ɓangarori, irin su rabi da kwata, ya koma ƙarami cikin manya, ya daina ɗaga hannu. Gara ya riƙa zuwa aji na gaba a lokacin darasin da ya fi ƙarfi kawai, ya dawo cikin sa'o'insa. Wannan na bukatar a daidaita jadawalin azuzuwan biyu tun farkon zango. A cikin aji kuma, a ba shi tambayoyi biyar mafiya wuya tun farko. In ya ci huɗu, a yafe masa sauran, a ba shi aiki mai zurfi: ya ƙirƙiro nasa tambayoyin, ko ya karanta labari ya sauya masa ƙarshe. Ƙara masa tambayoyi talatin iri ɗaya hukunci ne, kuma nan da nan zai gane cewa saurin gamawa wahala yake jawo masa.

Kada a mai da shi monita mai rubuta sunan masu surutu, ƙiyayya za a saya masa. Kada ya zama mataimakin malami kullum, shi ma koyo ya zo yi. A daina kiransa "farfesa" a gaban aji. A je wa iyaye gida, musamman iyayen yarinya, a nuna musu littafin nan da idonsu.

Sannan a kula da takardu tun yaro na aji biyar. Hukumar NECO ce ke shirya jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya, da kuma ta makarantar masu baiwa da ke Suleja a jihar Neja. Rajista ta intanet ake yi, da kuɗi da hoto da cikakken bayanin haihuwa, kuma iyaye da yawa a karkara ba su taɓa jin labarinta ba. Malamin aji shida ya nemi ranar rufe rajista da kansa, ya kai maganar kuɗin gaban ƙungiyar iyaye da malamai da wuri, kada ya zauna jiran sanarwa daga ofis.