Jan murfi a kan layin waya

Tun ina koyon aikin waya maigidana ya ja min kunne, ya ce duk layin da ka ga an sa wa jan murfi a jikin firam, wato allon da ake haɗa wayoyin layuka a kai, kar ka kuskura ka taɓa. A Amurka ma kamfanin waya na Bell haka ya riƙa yi, baƙi na layin gida, ja na layuka masu muhimmanci irin na ƙararrawar banki ko gidan rediyo.

Matsalar ita ce irin waɗannan layukan yawanci ba su da ƙarar nan da ake ji in an ɗaga waya, to sai injiniya ya maƙala wayar gwaji ya ji shiru, ya ɗauka ba mai shi, kawai ya cire ya haɗa wa wani kwastoma. Wallahi na ga an yi wa wani asibiti haka, layin ɗakin gaggawa ya kwana a mace, har yau abin na cina a rai. Ni yanzu ko murfin ya ƙare jan salatif nake naɗawa, in rubuta a littafi, in kira mai layin kafin in sa hannu.