Yashin gulbi ma matafiyi ne

Duk wanda ya ga gulbin Gada a watan Maris ba zai yarda akwai mai cin abinci da auna ruwansa ba. Yashi ne zalla, tifofi na shiga suna lodi, yara na tona da hannu su samu na sha. Amma ya dawo a Agusta, lokacin marka, ya gani. A Yulin 2018 ruwa ya yi gyara a garin Jibiya cikin dare ɗaya, mutum fiye da arba'in suka rasu. Tun daga lokacin na daina kame-kame idan aka tambaye ni sana'ata a wurin ɗaurin aure.

Da farfela na koyi aikin. Za ka ja igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, ka raba faɗin gulbi gida ashirin ko fiye, a kowane gida ka auna zurfi, ka nutsa farfelar zuwa kashi shida cikin goma na zurfin, ka ƙirga juyinta. Sai lissafi: faɗi sau zurfi sau gudu, ka haɗa duka, ka samu mita-kubik nawa ke wucewa a daƙiƙa, kowane ɗaya lita 1,000. Aikin yana cin awa biyu, gulabenmu kuwa ba sa jira. Kafin ka kai tsallake ruwan da ka fara aunawa ya kama hanyar Maraɗi.

Shi ya sa da aka kawo mana ADCP, na'urar da ke auna gudun ruwa da sauti, na ɗauka wahala ta ƙare. Mu dai "jirgi" muke ce mata, don a kan ɗan kwale-kwalen roba take zaune. Tana da idanu a ƙasa, kowanne na kallon gefensa, suna harba sautin da kunne ba ya ji. Sautin ya bugi laka da ɓurɓushin da ruwa ke ɗauke da su, ya dawo. Idan ka taɓa lura da yadda jiniya ke siranta in mota ta nufo ka, ta yi kauri in ta wuce, to ka gane sirrin. Wani masani ɗan Ostiriya, Doppler, ya bayyana shi a 1842. Daga wannan canjin murya na'urar ke gane gudun ruwa, hawa-hawa, daga sama zuwa ƙasa, cikin mintuna kaɗan.

Sai dai akwai wani abu da na karanta na wuce. Jirgin shi ma tafiya yake, dole na'urar ta cire gudunta daga na ruwa. Tana yin haka ne ta sauraron ƙasan gulbi, bisa zaton cewa ƙasa a tsaye take.

Ranar da abin ya faru, mai karanta mana allon awo ya kira bayan sallar asuba, ya ce gulbi ya kawo. Muka bar Katsina ko karin kumallo babu. Ruwan ja wur, yana tafe da kara da itace. Wani dattijo mai fito, wanda ya saba ƙetarar mana da igiya, ya tsaya yana kallona ina haɗa wayoyi.

"Injiniya, wannan abin naku ƙasa yake dubawa?"

"Har ƙasa, Baba."

"To ka ce mashi yau ƙasan ba ya nan zaune. In ka tsaya ciki, yashi zare maka ƙafa yake."

Na yi dariya na ce Allah ya ƙara girma. Na ja jirgi sau huɗu, tafiya da dawowa, alƙaluma suka fito kusan iri ɗaya. Akwai gwajin da ya kamata a fara da shi, ban yi ba, domin ruwa ya fara janyewa, kuma kowa ya san hanyar nan ba a son yamma ta yi wa mutum a kanta. Na'urar GPS ma ban jona ba.

Abin da na samu ya yi ƙasa da abin da tsohon jadawalinmu, mai nuna yawan ruwan da ke wucewa a kowane tsayi, ke bayarwa a wannan tsayin ruwa. Maimakon in tsargu, sai na shiga ofis da ƙafar dama ina cewa jadawalin magabata ne ya tsufa. Ogana bai ce komai ba. Ya buɗe kwamfuta, ya fito da zanen hanyar da jirgi ya bi, ya juyo mini da ita.

"Igiyarka a miƙe take?"

"A miƙe, ranka ya daɗe."

"To me ya kai jirginka sama? Da tafiya da dawowa duk ya karkata wajen da ruwa ke fitowa. Ko inji ka sa masa?"

Nan jikina ya yi sanyi. Yashin ne ke gangarawa, na'urar kuma ta ɗauka shi ke tsaye, ita ce ke haurawa. Duk gudun da yashin ya yi sai ta zabge shi daga gudun ruwa. Awo huɗun sun yarda da juna ne don kuskurensu ɗaya. Abin baƙin cikin, ruwa bai sake kai wannan tsayi ba a daminar, kuma awon babban ruwa shi ne mafi tsada, da shi ake yanke girman kwalbati da gada.

Yanzu kafin komai sai na yi zagaye: in kafa turke, in ja jirgi zuwa tsallake, in dawo da shi daidai turken. Idan a kwamfuta ya sauka sama da inda ya tashi, ƙasa na tafiya, sai in koma ga GPS ko in riƙa tsayar da jirgi gida-gida kamar zamanin farfela. Kamfas ɗinta kuma nesa da mota da ƙarfen gada nake saita shi, in ba haka ba ya rikice. Na kuma daina mantawa cewa na'urar ba ta ganin ruwan da ke dab da idonta, da na dab da ƙasa, da na bakin gaɓa; waɗannan ƙiyasi take yi, don haka tazarar gaɓa da tef nake aunawa, ba da ido ba. In ruwa ya koma iya ƙauri, tsohuwar farfela ta fi ta.

Jadawalin da na zaga ma yana da nasa ciwon. Kowace damina na sake shimfiɗar yashi, masu tifa su ƙara nasu da rani, sai tsayin da ya ba da kaza bara ya ba da wani abu daban bana. Ruwan nan kuma ba namu kaɗai ba ne: daga madatsar Jibiya ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya sake dawowa Najeriya ya faɗa Rima.

Da damina ta zagayo na tarar da dattijon a inda na bar shi. Na ba shi labari tun daga farko. Ya gyara igiyar a kafaɗa, ya tsoma ƙafa ɗaya, ya ɗan yi shiru.

"Yau ma tafiya yake, amma bai kai na bara ba. Kafa turkenka can, gaban tsamiya, nan ƙasa ta fi tauri."