Yatsan da ke kan agogo

Ƙannena masu son zama a teburin alƙalan ƙwallon kwando, bari in ba ku labarin abin da ya same ni, ko zai rage muku hanya.

Shekarata ta biyu ke nan ina riƙe agogo a gasar unguwanni a nan Jidda, aikin da Larabawa ke kiran mai yinsa miƙati. Wani daren Alhamis bayan isha'i, ƙungiyar unguwarmu tana gaba da maki ɗaya, saura sakan biyu a tashi. (Zan riƙa cewa sakan, tunda daƙiƙa a bakin Balarabe minti ce.) Abokan karawarmu za su jefo ƙwallo daga ƙarshen fili. Ƙwallon na barin hannun mai jefawa, yatsana ya danna. Tana cikin iska sakannin suka zube, yaron da aka jefa wa yana cafewa ƙaho ya yi kuka. Ya harba, ta shiga, alƙali ya kaɗa hannuwa: babu ci.

Doka a fili take. Agogo ba ya tashi sai ƙwallo ta taɓa ɗan wasa a cikin fili, shi ya sa alƙali ke ɗaga hannu ya jira, sai an taɓa ya sauke. Na haddace wannan tuntuni. Amma a daren nan ni ɗan kallo ne, zuciyata na tare da 'yan unguwa, idona ba ya kan hannun alƙali.

Babban laifin ma shirun da na yi ne. Yaron ya zo gaban teburi, gumi na ɗiga daga haɓarsa, ya ce, "Kawu, ai ban taɓa ta ba agogo ya tashi." Na sunkuyar da kai ina gyara takardu. Da na kira alƙali nan take na ce, "Kaftin, na riga ka," yana da ikon gyara lokacin. Kunya ta hana ni, kuma har yau ina jin nauyin hakkin yaran nan. Idan kun yi kuskure, ku faɗa kafin a watse.

Kada ku raina sakan. A wasan ƙarshe na Olamfik a Munik a 1972, sau uku aka buga sakan ukun ƙarshe saboda ruɗani tsakanin teburi da alƙalai. Tarayyar Sobiyet ta ci Amurka 51 da 50, 'yan Amurka suka ƙi karɓar lambar azurfa. A nan Jidda ma, wasan ƙarshe na Kofin Asiya a watan Agustan 2025 da maki ɗaya Ostireliya ta doke Sin, 90 da 89.

Agogon harbi, mai ƙirga lokacin da ƙungiya ke da shi ta harba ƙwallo, ya fi cin sabon hannu. Sakan 24 ne, amma ba ya sabuntuwa don kawai an harba. Dole ƙwallo ta taɓa zobe. Idan ta bugi allo kaɗai, a bar shi ya ci gaba da ƙirga. Idan ta taɓa zobe masu kai hari suka sake kamawa, 14 za a ba su, dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, tun 2014. Sau da yawa na mayar 24 saboda sabo. Ku riƙe kuma cewa idan abin da ya rage bai kai kashi uku cikin goma na sakan ba, babu kamawa a harba, sai dai a doke ta ko a cusa. A minti biyun ƙarshe na zango na huɗu kuwa, wato zangon ƙarshe na wasa, duk ƙwallon da ta shiga kwando agogon wasa ya tsaya.

Manyan gasanni suna da na'urar da ke tsayar da agogo da zarar an busa usur, da jan haske a gefen allo mai nuna ƙarewar zango, da bidiyon da ake komawa. Filayenmu na unguwa babu ko ɗaya, yatsanku ne kawai. Ku zo rabin awa kafin wasa, ku gwada ƙaho da kowane madanni, ku ajiye agogon hannu kusa ko wuta ta ɗauke. Idan kuma ƙungiyar unguwarku ce za ta buga, ku roƙi wani ya zauna a kujerar.